A Hana Su, Ko A Bar Su Su Tafi?

Gidan da yake da samari biyu ko uku ba ya rabuwa da wannan gardama. Ranar Asabar ce, ba makaranta, an gama karya kumallo. Babban ya rataya danƙon harbin tsuntsu a wuya, ƙaramin ya ɗaure gorar ruwa a bayan keke, abokansu kuwa suna ta fito a ƙofar gida. Sai ɗayansu ya leƙa zaure ya ce, "Baba, za mu je bakin gulbi, kafin la'asar mun dawo." Uwa ta jiyo daga madafi, ta ce ba inda za su. Uba ya yi shiru, gama ya tuna shi ma da yake kamarsu ya yi iyo a gulbin nan, ya kuma tuna da abokin wasansa wanda ruwa ya tafi da shi. To, me ya wajaba a kansa? Ya hana su, ko ya bar su su tafi?

Tsoron uwar nan ba na banza ba ne. Gulbin Maraɗi yashi ne kawai a yawancin watannin shekara, amma da damina yakan cika farat ɗaya da ruwan da aka yi can nesa wajen Katsina, ko da a nan ba a ga hadari ba. A kogin Kwara wajen Yamai, da Binuwai wajen Garwa, akwai dorina, wadda takan kife jirgi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 236,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2019, maza kuwa sun fi mata yawa a cikinsu. Tafkin da yake kwance lumui shi ma yana da nasa: ƙwayar tsargiya tana girma a jikin dodon koɗi, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka, bayan 'yan watanni yaro ya fara fitsarin jini. A daji kuma akwai kububuwa, ƙaramar macijiya mai kamar launin ƙasa, wadda dafinta yake hana jini daskarewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kabarin saurayi ba zai yi wa uwa dariya don ta ce a zauna gida ba.

Tsoron nan tsoho ne. Yakubu ya aiki Yusufu, yaro mai shekara 17, daga kwarin Hebron zuwa Shekem ya dubo 'yan'uwansa da garke, abin da ya dawo masa kuwa riga ce jina-jina. Bayan shekaru da yawa, da aka bukaci Biliyaminu ya bi 'yan'uwansa zuwa Masar, tsohon ya ƙi, sai da yunwa ta matsa wa gidan duka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma akwai abin da iyaye ba su cika so a faɗa ba. Hani ba ya kashe sha'awar saurayi, ɓoye ta kawai yake sa ya yi. Yaro mai shekara 15 jininsa yana tafasa, yana so ya gwada ƙarfinsa, ya ga abin da ke bayan tudu, ya ji abokai sun ce ya iya. In an ce masa a'a yau da gobe da jibi, ba tare da dalili ba, zai ce ya tafi gidan aboki yin aikin makaranta, alhali kuwa yana bakin ruwa. Sa'an nan ga hatsarin yana nan yadda yake, an kuma ƙara masa biyu: ba wanda ya san inda yaron yake, shi kuma bai koyi kome game da wurin daga wanda ya sani ba.

Wani labari na gaskiya daga ƙasar Tonga, tsibirai ne a tekun Fasifik, ya nuna wannan sarai. A watan Yuni na 1965 samari 6 'yan wata makarantar mishan ta kwana a Nuku'alofa, babban birnin ƙasar, suka gaji da zaman makaranta. Suka ɗauki jirgin wani masunci ba da saninsa ba, suka shiga teku da yamma. Guzurinsu ayaba ne da 'yan kwakwa. Ba taswira, ba abin nuna gabas da yamma, ba kuwa wanda suka gaya wa. Da dare barci ya kwashe su, iska ta taso, ta yayyage tufar jirgin, ta karya abin juya shi. Kwana 8 ruwa yana yawo da su, suna tarar ruwan sama a ɓawon kwakwa suna rabawa kurɓi kurɓi, har suka kai wani tsibiri mai duwatsu da ake kira Ata, wajen kilomita 160 kudu da inda suka taso. Ba kowa a tsibirin, gama tun 1863 masu cinikin bayi suka kwashe mutanensa da yawa, aka kuma mai da sauran wani wuri.

Wata 15 suka yi a can. A gida an fid da rai, har an yi musu makoki. Su kuwa da fari kifi da tsuntsayen teku da ƙwai suka riƙa ci. Daga baya suka hau saman dutsen, suka sami kufan mutanen dā, da gwaza da ayaba da kajin da suka zama na daji. Suka yi lambu, suka fafe kututturen itace don tarar ruwan sama, suka hura wuta da gogen itace, ba su kuwa bar ta ta mutu ba. Suka raba aiki bibbiyu. In faɗa ya tashi, sai a raba masu faɗan, kowa ya tafi wani gefen tsibirin har zuciyarsa ta huce, sa'an nan a sulhunta su. Safe da yamma sukan yi waƙa da addu'a tare. Da ɗayansu ya faɗo daga dutse ya karye a ƙafa, suka ɗora shi da sanduna da ganye, ƙashin kuwa ya haɗu daidai. A watan Satumba na 1966 wani mai jirgin kamun kifi ɗan Ostareliya, Peter Warner, ya hango ƙonannen wuri a jikin dutsen, ya matso, ya kwashe su. Abin dariya, da suka isa gida kurkuku aka fara kai su saboda jirgin da suka sata, sai da aka biya mai shi.

A dubi labarin da kyau. Abin da ya jefa yaran nan cikin wahala shi ne tafiyar ɓoye. Da sun yi shawara da kowane tsohon masunci, da ya gaya musu ba a barci gaba ɗaya a teku. Abin da ya raya su kuwa shi ne abin da suka riga suka koya a hannun manya tun suna ƙanana: kamun kifi, dashen gwaza, bin na gaba, sulhu bayan faɗa, da riƙon addu'a. Ba a tsibirin Ata suka ƙago waɗannan ba, daga gida suka zo da su.

Wani zai ce, ai sa'a ce kawai, samari nawa ne suka shiga ruwa ba a sāke jin labarinsu ba? Gaskiya ne. Labarin bai nuna cewa kasada tana da kyau ba, kada kuwa wani yaro ya karanta shi ya ɗauka an ba shi izini. Abin da ya nuna ƙarami ne, amma ya isa: ranar da yaro zai sami kansa inda ba uba ba uwa tana zuwa, ko an yarda ko ba a yarda ba, abin da zai taimake shi a ranar kuwa sai wanda aka riga aka zuba masa.

Nan ne nauyin yake komawa kan uba, yana kuwa da ciwo. Cewa "kada ka je" ba ta cin kome, cewa "je ka" ma haka. Abin da yake da tsada shi ne mutum ya bar hira a gindin bishiya, ko ya rufe shago rabin yini, ya bi 'ya'yansa. Ya nuna musu yadda ake duban launin ruwa da tarkacen da yake ɗauke da shi a gane ko gulbi yana ƙaruwa. Ya koya musu iyo a inda ƙafa take taɓa ƙasa. Ya gaya musu ba a sa hannu a rami ko a ƙarƙashin dutse, in kuwa maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurewa tamau, sai a hana shi tafiya da ƙafa a ɗauke shi zuwa asibiti. A ƙauye kiwo da noma da farautar rani su suke koya wa yaro waɗannan, yana bin yayyensa da baffanninsa. Uban da ya koma birni yana aikin albashi ya sami ilimin kyauta, amma sau da yawa bai miƙa shi ba. Turawa ma sun ga wannan giɓi a biranensu. A 1907 Baden-Powell ya kai yara 20 tsibirin Brownsea a Ingila suka yi zango, daga nan ƙungiyar Sikawut ta samo asali. Irin ƙungiyoyin nan suna da amfani, sai dai shugaban ƙungiya ba zai san wane ne cikin 'ya'yan mutum mai garaje, wane ne mai tsoro yana ɓoyewa ba, kamar yadda uba zai sani.

Ɗa kuma yana da nasa hakkin. Wanda yake so a ɗauke shi babba sai ya faɗi inda za shi, da wa za shi, da lokacin dawowa, ya kuma cika. Amma iyaye su sani gaskiyar yaro tana da farashi. In duk ranar da ya zo da labarin ɓarna bulala ce take tarbarsa, ba zai ƙara kawowa ba. Yara da yawa sun ɓoye fitsarin jini wata da watanni don kada a gane sun shiga tafki, alhali kuwa tsargiya tana da magani a asibiti, barinta ne yake lalata mafitsara. Har wa yau akwai a'a wadda ba ta da ciniki: gulbi yana ambaliya, ko dare ya yi, ko abokan tafiyar masu shaye-shaye ne. Uban da ba ya yawaita hani, ranar da ya hana akan ji shi.

Duk da haka ba wanda zai yi wa iyaye alkawari cewa in sun yi wannan duka ba abin da zai faru. Gwanin iyo ma ruwa yakan ci shi. Uban nan na zaure ya san haka sa'ad da ya ɗaga kai ya tambayi babban ko an yi ruwa a kudu daren jiya, da su wa za a tafi. Ya ce wa ƙaramin ya kwance gorar ya cika ta da ruwan randa, kada a sha na gulbi. Sa'an nan ya jawo takalmansa ya ce, "Ku jira ni." Uwa ba ta ce kome ba. Ta ƙulla musu ƙuli-ƙuli a leda, ta koma madafi, kunnenta yana ƙofar gida har la'asar.