KOYON AIKI BA LADA: ILMI NE KO CIN GUMI?

A wannan mako ina so mu duba wata mas'ala wadda wani tsohon ɗalibina ya kawo mini, ta kuwa hana ni sukuni kwana da kwanaki.

Shi wannan yaro na karantar da shi Larabci a sakandare, daga baya ya wuce jami'a ya karanta ilmin tafiyar da ma'aikata. Sai wata ƙungiya ta ƙasa da ƙasa da ke Turai ta amsa takardarsa, ta ce ya zo ya yi wata shida a sashenta na kula da ma'aikata domin sanin makamar aiki. Amma fa ba albashi, ba kuɗin jirgi, ba masauki. Mahaifinsa kuwa manomi ne. Ya ce mini, "Malam, in sa Baba ya jinginar da gona in tafi, ko in haƙura?" Sa'an nan ya ƙara da wata tambaya wadda ta fi ta farko nauyi: shin daidai ne a sa mutum aiki wata shida, a ce ilmin da ya samu shi ne ladansa?

Wannan al'ada ba ta ƙungiya ɗaya ba ce. An daɗe ana ɗaukar matasa a sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya, a Niyok da Jeniba, su yi wata biyu zuwa shida ba a biyansu ko kwabo. A shekarar 2015 jaridun duniya suka baza labarin wani saurayi ɗan ƙasar Niyu Zilan mai shekara 22, wanda yake koyon aiki a ofishin Majalisar da ke Jeniba da rana, da dare kuma ya kwana cikin tanti a bakin tafki, domin kuɗin haya a birnin nan ya fi ƙarfinsa. Ko da yake daga baya ya bayyana cewa ya yi haka ne da nufin jawo hankalin duniya, tsadar da ya nuna gaskiya ce. Alhali kuwa Majalisar nan ita ce a shekarar 1948 ta fitar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam, wadda sashe na 23 a cikinta ya tabbatar wa duk mai aiki haƙƙin samun lada na adalci.

Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujjarsu, kuma bai kamata mu raina ta ba. Suna cewa ai yaron tela ba ya karɓar albashi, haka ma yaron maƙeri. Abin da yake nema shi ne sana'a, sana'a kuwa ta fi kuɗin wata shida daraja. Kuma ba wanda aka tilasta wa, shi ya nema da hannunsa.

To, amma mu dubi misalin da kyau. A al'adarmu ubangida yana ci da yaronsa, ya ba shi wurin kwana, ya ɗinka masa rigar Salla, ranar da ya ƙware kuma ya sallame shi da keke ko da uwar maƙera. Watau ba a biyansa, amma ba a barinsa da yunwa. Wanda ya karɓi aikin yaro, ya ce masa ya ci da kansa a birnin da ke cikin mafi tsada a duniya, ya ɗauki rabin al'adar da ke yi masa daɗi ne, ya bar rabin da ke da nauyi.

Malaman fiƙihu sun yi bayani a babin ijara cewa wajibi ne aiki ya zama sananne, lada ma sananne. Idan sharuɗɗan suka ɓaci bayan an riga an yi aikin, sai a ba ma'aikaci ladan da aka saba biyan irinsa. Dubi ƙissar Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a cikin Suratul Ƙasas: da ya isa Madyana yana baƙo, ba shi da kowa, dattijon da ya ɗauke shi aiki bai ci da zucci ba, sai ya faɗa masa shekara takwas, in ya so ya cika goma, ya kuma bayyana masa abin da zai samu. Gaskiya ne mutum yana da ikon ba da aikinsa kyauta don Allah. Saboda haka ma'aunin shi ne wannan: wa ke cin amfanin zaman? Idan an zaunar da yaro ana karantar da shi, to almajiri ne. Idan kuwa shi ke tace takardun masu neman aiki, shi ke shirya ranakun ganawa, shi ke rubuta rahoto, har ya zama in ba shi sai an ɗauki ma'aikaci, to wannan ɗan ƙodago ne, ko da wane suna aka kira shi.

Ɓarna ta biyu ta fi ta farko ɓuya. Wa zai iya zaman wata shida a Jeniba daga aljihunsa? Sai ɗan mai hali. Ɗan manomi, ko daga Afirka yake ko daga Asiya, an rufe masa ƙofa tun kafin a duba takardunsa. Gobe idan gurbin aiki ya samu, sai a nemi wanda ya taɓa zama a ciki. Ga shi kuwa sashe na 101 na tsarin mulkin Majalisar ya ce a ɗauki ma'aikata bisa ƙwarewa da gaskiya, a kuma lura da ɗaukarsu daga sassan duniya dabam dabam.

Abin ya fi muni a sashen kula da ma'aikata, domin nan ne bakin ƙofa. Shehu Ibnu Taimiyya, a littafinsa Siyasatus Shar'iyya, ya gina zaɓen ma'aikaci bisa ginshiƙai biyu, watau iyawa da amana. Yaron da ake horarwa a wannan sashe shi ne gobe zai zaɓi mutane. Yana ganin asirin jama'a, albashinsu, takardun lafiyarsu, har da ƙararrakin da suka kai. In darasinsa na farko shi ne ana iya cin gumin ƙarami a kira shi alfarma, wane irin alƙalanci za mu sa rai zai yi ranar da alƙalami ya zo hannunsa?

Gyara kuwa mai yiwuwa ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, tana ba masu koyon aiki kuɗin ciyar da kai, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fara yin haka a 2020. Ashe ba rashin hanya ba ne.

Shi kuwa ɗalibina na ce masa kada a taɓa gonar nan, gama haƙƙin ƙannensa na cikinta. Ya nemi ƙungiyoyin da ke biya, ya jure. Na kuma ce masa ranar da Allah Ya ɗora shi bisa kujera, ya tuna da wannan wasiƙa. Mu ma da muke da yara a kanti, ko a makaranta, ko a ofis, sai kowa ya binciki kansa kafin ya nuna Turai da yatsa.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin na ƙasa da mu, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.