MA'AUNIN ZUCIYA: BAITUKA SHIDA A KAN SON DUNIYA DA GODIYA, TARE DA SHARHINSU

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, dalilin wannan 'yar waƙa shi ne wani matashi daga cikin 'yan'uwanmu na zawiya a nan Maraɗi, wanda ya yi karatu a jami'a a Yamai, ya same ni bayan wazifa yana murna. Ya ce, "Malam, Turawa sun tabbatar da lissafi cewa mai godiya ya fi mai son duniya jin daɗin rayuwa. Yanzu hujjarmu ta cika." Na ce ya karanta mini takardun. Da na ji, na yi farin ciki da rabinsu, rabin kuwa ya hana ni barci. Ga abin da ya fito.

1. Ya Rabbu Kai Ka ba mu rai da lafiya,
Ka ba mu harshe mai riƙo ga godiya.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 1111 Miladiyya, ya kasa godiya kashi uku a cikin Ihya'u: ilmi, da hali, da aiki. Ilmi shi ne ka san ni'ima daga wa ta fito. Hali shi ne farin cikin da wannan sani ya haifar. Aiki shi ne ka sarrafa ni'imar inda Mai bayarwa Yake so. Ka riƙe ukun nan, da su za mu auna sauran zance.

2. Masana sun aza ma'auni kan zuciya,
Sun ga baƙin ciki yana bin son dukiya.

Ma'aunin nasu tambayoyi ne. A 1985 Ed Diener da abokan aikinsa a Amurka suka tsara jimloli 5 na auna gamsuwa da rayuwa. A 1992 Marsha Richins da Scott Dawson suka tsara jimloli 18 na auna son abin duniya: ko mutum yana auna nasara da abin hannu, ko saye shi ne tsakiyar rayuwarsa, ko yana ganin ba zai ji daɗi ba sai ya ƙara mallaka. A 2002 McCullough da Emmons da Tsang suka tsara jimloli 6 na godiya. Mutum yakan faɗi gwargwadon yardarsa da kowace jimla, a tara maki, sa'an nan a duba ko makin wannan yana hawa da sauka tare da na wancan. Shi ne lissafin dangantaka. Sifiri yana nufin babu alaƙa, ɗaya yana nufin cikakkiyar alaƙa.

A 2014 Helga Dittmar ta Ingila da abokanta suka tattara sakamakon rukunai 259 na mutanen da aka bincika. Suka sami alaƙa ta saɓani, gwargwadon 0.19: son duniya na hawa, jin daɗi na sauka. Alaƙa ce tabbatacciya, amma ba babba ba ce. Ka lura kuma, so suka auna, ba mallaka ba. Annabi Sulaimanu ya mallaki abin da Ƙaruna bai mallaka ba. Ɗaya ya jingina ni'imar ga falalar Ubangijinsa, ɗaya ya jingina ta ga iyawarsa, ƙasa ta haɗiye shi. Da yawa talaka ba shi da dala a aljihu, amma zuciyarsa kasuwa ce mai ci dare da rana.

3. Abu biyu in sun taho a hanya ɗaya,
Kar ka ce wannan ya haifi wancan, yi tambaya.

A watannin hunturu leɓe yana tsagewa, mai sayar da itace kuma yana ciniki. In ka lissafa, za ka ga suna hawa tare. To, tsagewar leɓe ce ke sayar da itace? A'a, sanyi ne ya kawo su duka. Haka nan, mai yiwuwa son duniya ne ke kawo ƙunci, mai yiwuwa ƙunci ne ke kora mutum kasuwa neman abin da zai toshe ramin zuciyarsa, mai yiwuwa tsoron talauci ne ya haifi duka biyun. Na ce da yaron, "Ɗana, kada ka ɗora wa hujja kayan da suka fi ƙarfinta. In ta durƙushe a gaban mai gardama, kai ka kunyata gaskiya."

4. Da suka ware kowane rabo ɗaya-ɗaya,
Sai ga giɓi ya bayyana a gurbin godiya.

Wannan shi ne lissafin rarrabe rabo. Misalinsa manomi ne da gerona ya yi kyau, yana son ya san nawa ne rabon taki, nawa ne na ruwa, nawa ne na iri. A 2014 Jo-Ann Tsang da abokanta a Jami'ar Baylor ta jihar Tekzas suka bincika ɗalibai 246. Suka ga masu yawan son duniya godiyarsu kaɗan ce, kuma ƙarancin godiyar yana ɗauke da wani rabo na rashin gamsuwarsu. Dalilin a fili yake: idon da ya kafe a kan abin da babu, ba ya ganin abin da ke akwai. Kafin wannan, a 2003, Emmons da McCullough sun sa wasu ɗalibai rubuta ni'imomi har biyar kowane mako, wasu kuma su rubuta abubuwan da suka dame su, har mako goma. Masu ƙirga ni'ima suka fi gamsuwa da rayuwarsu. Wannan gwaji ya fi kusa da nuna sababi.

5. Wanda ya gode don ya sayi hutun zuciya,
Ɗan kasuwa ne, ya sake rumfa a duniya.

A nan barci ya ƙaurace mini. In muka ce wa mutane, "Ku gode don lissafi ya nuna za ku ji daɗi," mun mai da godiya haja, mun shigo da son duniya ta ƙofar baya. To, ranar da mutum ya gode amma ɗansa ya rasu, daɗin bai zo ba, ya daina ke nan? Jimlolin masanan suna iya auna hali, kashi na biyu na Gazali. Ba sa tambayar ko bawa ya san Mai ni'ima. Alƙawarin ƙari ga mai godiya gaskiya ne, yana cikin Suratu Ibrahim, aya ta 7. Amma muridi yana godiya ne don haƙƙin Allah ne a kansa, ƙarin kuwa falala ce. Don haka ake kiran hanyar Shehu Ahmadu Tijjani, Allah Ya yarda da shi, ɗariƙar godiya: bauta don shukura, ba don jiran lada ba.

6. Mai ƙoshi, kar ka hori mai yunwa da godiya,
Buɗe rumbunka, nan ake gane gaskiya.

Ni kaina na faɗa wannan rami. Wata shekara da damina ta yi gardama, wani dattijo mai gadi ya zo mini da kukan cewa wata uku maigidansa bai biya shi ba. Na yi masa wa'azin godiya mai daɗi. Ya saurara har na gama, ya ce, "Malam, na gode wa Allah tun da asuba. Wurinka na zo don ka yi wa maigida magana." Kunya ta rufe ni. Godiya ba ta soke haƙƙi. Wadatar zuci ado ce ga talaka in shi ya ɗaura ta da kansa, amma zalunci ce in mai riƙe da haƙƙinsa ne ya ɗaura masa. Godiyar mai hali ita ce kashi na uku: zakka, da ciyarwa, da biyan ɗan ƙwadago a kan lokaci.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, mu karɓi lissafin masanan a matsayin shaida, kada mu ɗauke shi alƙali. Allah Ya sanya duniya a hannunmu, Ya fitar da ita daga zukatanmu, Ya sanya mu cikin bayinSa masu godiya a yalwa da ƙunci. Amin.

Tammat bi hamdillahi.