TUBA DA YAYE: MAGANA A KAN FILASTAR BARIN TABA

Muna farawa da sunan Allah, muna salati ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku dattawa da samarin zongo, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa gardama ce da ta tashi a ƙofar masallaci bayan sallar lisha, har yanzu ba ta kwanta ba. Wani dattijo daga cikinmu, wanda muka sani da taba sigari tun muna yara, ya tafi Umra, ya yi kwanaki a Madina, ya komo ba kwali a aljihu, sai wata 'yar filasta manne a damtsensa. Ya ce a can kunya ta kama shi, a ce mutum ya zo gai da Manzon Allah, ga shi yana neman lungun da zai ɓuya ya busa hayaƙi. Kunyar kuwa da dalilinta, gama tun shekarar 2001 Sarki Fahd ya shelanta cewa Makka da Madina garuruwa ne da ba a yarda da taba ba, aka hana sayar da ita a kewayen masallatan nan biyu masu alfarma. Sai dattijon ya shiga kantin magani, aka ba shi wannan filasta. Tun ran nan bai sake kunna kara ba.

Jama'a suka rabu biyu. Waɗansu suka ce madalla. Waɗansu suka ce wannan ba tuba ba ce, wayo ne, tun da abin da ke cikin filastar shi ne ke cikin tabar, ya fasa sha ta baki ya koma sha ta fata. Suka ƙara da cewa namiji rana ɗaya ya kan bar abu don Allah, ba ya bukatar manne-manne. To, tambayar ke nan: wanda ya bar mugun abu da taimakon wani yanki na abin, ya bari ko bai bari ba?

Malamanmu sun koya mana ba a hukunta abu sai an san shi. A cikin ganyen taba akwai wani sinadari da a ke kira nikotin, shi ne ke ɗaure mutum. In an zuƙi hayaƙi, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya kai ƙwaƙwalwa, jiki ya ji daɗi, in ya rasa sai fushi da rashin barci da rashin natsuwa. Amma mafi yawan kisan daga hayaƙin ne, wanda ke ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu masu jawo ciwon daji ne. Ita filasta ba wuta, ba hayaƙi. Tana sakin nikotin kaɗan-kaɗan ta fata. Wanda ke shan fiye da kara 10 a yini a kan fara masa da mai miligiram 21 har mako 6, sa'an nan mai 14 mako 2, sa'an nan mai 7 mako 2, daga nan a cire gaba ɗaya. An yarda da ita a Amurka a 1991, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin jerin magungunan da ba a rasa su a 2009.

Malaman da sun yi saɓani a kan taba. Shehu Ahmad Baba na Timbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya halatta ta, haka Aliyu al-Ujhuri na Masar, Ibrahim al-Laƙƙani kuwa ya hana, dukansu Malikawa ne. Waɗanda suka halatta sun duba cewa ba ta gusar da hankali, ba su kuma ga abin da likitoci suka gani daga baya ba. A 1950 masu bincike biyu a Ingila, Doll da Hill, suka nuna dangantakarta da ciwon dajin huhu. Yau an san tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Saboda haka mafi yawan malaman zamani da suka hana ta, dalilinsu cuta ce da ɓarnar dukiya. Mu riƙe wannan, domin inda dalili ya ke, nan hukunci ya ke.

Yanzu mu koma Madina. A garin nan ne aka haramta giya, ba kuwa rana ɗaya ba. Da farko aka bayyana cewa zunubinta ya fi amfaninta, a Suratul Baƙara. Sa'an nan aka hana kusantar salla cikin maye, a Suratun Nisa'i. Daga ƙarshe aka hana ta ƙwata-ƙwata a Suratul Ma'ida. Wanda Ya halicci mutum Ya san sabo turken wawa ne, Ya kuma san ba a tumɓuke turke da fizga ɗaya.

Masu musu za su ce, ai da hukunci na ƙarshe ya sauka, Anas ɗan Malik yana zuba wa baƙi a gidan Abu Ɗalha, nan take aka zubar da ita a hanyoyin Madina, ba wanda ya ce a bar shi ya rage sannu-sannu. Za su ce kuma Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana yin magani da giya. Gaskiya suka faɗa, ba mu musa ko ɗaya ba. Amma mu dubi abin da dattijon nan ya yi. Kwalin taba rana ɗaya ya jefar da shi, kamar yadda aka zubar da tulunan. Nadama, da dainawa, da niyyar ba zai koma ba, sharuɗɗan tuba ke nan, duk sun cika a ranar. Abin da ya saura jiki ne wanda ya shekara da shekaru yana karɓar rabonsa. Zuciya ita ke tuba, shi jiki yaye shi a ke yi. Uwa ma ba ta cire yaro daga nono sai ta fara saba masa da kunu. Filasta kuwa ba ta sa maye kamar giya, kuma ƙa'ida ce sananniya wurin malaman fiƙihu cewa a kan ɗauki ƙaramar cuta don a ture babba.

Batun mazakuta fa? Likitoci sun lissafa cewa cikin mutum 100 da suka yi ƙoƙarin bari ba da wani taimako ba, kamar 3 zuwa 5 ne ke ɗorewa. Magungunan nikotin suna ƙara wa mutum damar cin nasara da kamar rabin abin da ya ke da shi. Ba tabbas ba ne, taimako ne. Wanda ya bari rana ɗaya bai komo ba, Allah Ya ba shi, ya gode. Amma wanda ya rantse sau biyar ya karya sau biyar, sa'an nan ya ƙi magani don kada a ce ya gaza, girman kai ne ya hana shi, ba tawakkali ba. Mu da mu ke karantar da yara cewa a ɗaure raƙumi sa'an nan a dogara ga Allah, ba ma zama masu hana mutum igiya ba.

An kuma tambaye mu hukuncinta ga mai azumi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce maganin da ke shiga jiki ta fata, har da filasta, ba ya karya azumi. Akwai malaman da suka saɓa a kan ta nikotin. Mai son fita daga saɓani ya manna bayan buɗa baki, ya cire kafin alfijir.

Sai dai akwai sharaɗi. A shiga da niyyar fita, a san ranar cire ta ƙarshe. A tambayi likita tukuna, tun ba mai ciwon zuciya da mace mai ciki ba. A riƙa canza wurin mannawa kullum don kada fata ta yi ƙaiƙayi. A kuma sani filasta ba ta maganin hannun da ya saba kai kara baki bayan shayi, ba ta maganin abokin da ke miƙo kwali. Wannan aikin mutum ne da kansa, da mu maƙwabtansa.

Ya ku dattawa, kada mu yi wa mai filasta ba'a, kada dariyarmu ta mai da shi ga kwali, alhakin ya hau kanmu. Ku kuwa samari, ku dubi wahalar da baban nan naku ya ke sha wajen kwance abin da ya ɗaura wa kansa da kara ɗaya yana saurayi. Wanda bai ɗaura ba, ba shi da aikin kwancewa.

Allah Ya ba shi ɗorewa, Ya yaye wa sauran 'yan'uwa, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.