Nasiha ga Mai Shirin Zuwa Baleta

Ɗana, tunda ka ƙudiri niyyar ziyartar Baleta, babban birnin tsibirin Malta da ke tsakiyar Bahar Rum, kudu da Sisili, zauna ka ji. Gari ne ƙarami, ana iya zagaye shi da ƙafa a yini guda, amma masu shi suna da ƙa'idojinsu, kuma mutuncin baƙo yana wurin kiyaye su.

Ka shiga ta ƙofa. Malta tana cikin Tarayyar Turai tun 2004, da bizar Shengen ake shigarta, kuɗinta kuma yuro ne. Kada wani ya ruɗe ka da hanyar kwalekwale daga Libiya. Tekun nan ya cinye 'ya'yan mutane da yawa, iyayensu har yau suna jiran labari.

An aza harsashin birnin a 1566, shekara guda bayan da mayaƙan Kirista suka tsira daga ƙawanyar rundunar Daular Usmaniyya. A kan tudu aka gina shi, tsakanin tashoshin jiragen ruwa biyu, shi ya sa wasu titunansa matakala ne zalla, dutsen kuma ya sha sawu har yana santsi. Nemi takalmi mai kama ƙasa. A watannin Yuli da Agusta rana tana dukan farin dutsen nan sosai, don haka ka fita da sassafe, ka huta bayan azahar, ka sake fita da la'asar sakaliya. Motocinsu ta hagu suke bi kamar na Ingila, wadda ta mulke su har 1964, saboda haka duba damanka kafin ka tsallaka titi. Da Turanci za ka biya buƙatarka ko'ina, ko da yake harshensu na gida, Maltanci, daga Larabci ya samo asali.

Yawancinsu 'yan Katolika ne, kuma suna girmama wuraren ibadarsu. Idan za ka shiga babbar majami'ar Waliyyi Yohana, ka rufe kafaɗa da gwiwa, ka cire hula, ka sassauta murya. Daɓenta duwatsun kaburbura ne na marmara masu launi, kowanne da sunan mai shi, shi ya sa ake hana mata shiga da takalmi mai tsinin dunduniya. Yadda kake so baƙo ya mutunta masallacinku, haka za ka yi a nasu wurin. Da bazara kowane ƙauye yana bikin waliyyinsa da badujala da wasan wuta. Idan ka ji ƙara, kada ka firgita, haka ma igwar da ake bugawa da ƙarfe 12 na rana a ƙarƙashin lambun Baraka na Sama, al'ada ce kawai.

Batun ci kuwa, matambayi ba ya ɓata. Abincin da suke taƙama da shi naman zomo ne, amma galibi da giyar inabi ake dafa shi, alade kuma yana cikin girkinsu. Kifi ya fi maka sauƙi, sai burodinsu da tumatir da man zaitun. Akwai kuma fastizi, wani ɗan gasasshen fulawa mai cuku ko wake a ciki. Tambayi irin man da aka yi shi da shi kafin ka saya. Ranar Juma'a ka hau bas zuwa Fawola, inda masallacin Maryam Al-Batul yake.

Barandojin katako masu launi da za ka gani jere a saman tituna gidajen mutane ne. Idan ka hangi dattijuwa tana leƙowa, gaishe ta, kada ka ɗauke ta hoto sai da izininta. Kada ka yi yawo cikin gari ba riga, ko da daga bakin teku kake. Ruwa ma ka tattala shi, domin tsibirin ba shi da kogi, kuma da yawa daga abin da suke sha ruwan teku ne da aka tace.

Ka tuna, yawancin waɗanda za ka haɗu da su ba su taɓa zuwa garinku ba, ta halinka za su san mutanenka. Ka riƙe sallarka, ka biya haƙƙin kowa, ka dawo kafin wa'adin bizarka ya cika. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.