Saukowar Annabi Isa: Me Jira Yake Bukata Daga Gare Mu?

 

Ya ku ƴan'uwa musulmi, tun shekarar 1924 da masu wa'azin Kirista na SIM suka sauka a Damagaram muke maƙwabtaka da mabiya Linjila, muna cin Kasuwar Dole tare. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa su ma suna dakon dawowar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

A aƙidarsu, an gicciye shi, ya mutu, ya tashi a rana ta uku, aka ɗauke shi sama, kuma zai dawo a matsayin Ubangiji ya yi wa rayayyu da matattu hisabi. Mu kuwa Suratun Nisa'i ta karantar da mu cewa ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne Ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Hadisin Muslim ya bayyana cewa zai sauko kusa da farar hasumiya gabashin Dimashƙa, ya kashe Dujal a ƙofar Luddu. Zai yi hukunci da adalci yana bawan Allah, sannan ya rasu, musulmi su sallace shi. Wannan saɓani babba ne, ya taɓa tushen tauhidi, kuma ba ma ɓoye shi don neman yardar kowa.

Sai dai akwai inda muka haɗu: ba wanda ya san lokacin. Linjilar Markus, sura ta 13, ta ce Allah kaɗai Ya san sa'ar. Haka nan da Mala'ika Jibrilu ya tambayi Manzon Allah (SAW), ya nuna masa cewa bai fi shi sani ba. Waɗanda suka yanke rana sun sha kunya: mabiyan William Miller a Amurka sun jira 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye ba abin da ya faru, Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, ranar ta zo ta wuce. A Kanungu ta Yuganda, a shekarar 2000, ɗaruruwan mabiya wata ƙungiya mai shelar ƙarshen duniya suka hallaka. Mu ma ba mu kuɓuta ba, domin masu da'awar Mahadi sun sha jefa jama'a cikin wahala.

To, tunda lokacin gaibu ne, me ya rage a hannunmu? Aiki. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa ko alƙiyama ta zo alhali mutum na riƙe da dashen dabino, in ya sami dama ya dasa shi.

A nan ne ya wajaba mu tuhumi kanmu. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta yi a Faransa, aka ƙone coci-coci a garin nan, washegari wutar ta kai Yamai, mutum goma suka mutu cikin kwana biyu. Fushi saboda mutuncin Manzo wajibi ne. Amma maƙwabcin da ke zaune a Sabon Gari, shi ya yi zanen? Alƙur'ani ya hana a ɗora wa wani laifin wani, kuma Suratul Hajji ta ambaci majami'u cikin wuraren da Allah Yake karewa daga rushewa. Manzo da kansa ya karɓi Kiristocin Najran a Madina, ya yi musu hujja, suka koma gida lafiya.

Wani zai ce ai in Isa ya sauko zai karya gicciye. Gaskiya ne, Buhari ya ruwaito haka. Amma wannan aikin annabi ne da izinin Ubangijinsa, ba a wakilta matashi mai galan ɗin fetur ya riga shi ba. Wanda ke jiran alƙali mai adalci, bai kamata alƙalin ya tarar da shi yana zalunci ba.

Saboda haka mu riƙe aƙidarmu, mu yi kira da hikima, mu kiyaye haƙƙin maƙwabci. Ko ba mu riski Isa ba, Mala'ikan mutuwa zai riske mu. Allah Ya tsare mu daga fitinar Dujal, Ya sa mu cika da imani. Amin.