Tawakkali da Jarkar Ruwa a Hamada

Mai shirin wuni ɗaya a gandun Death Valley na Amurka, inda zafi ya kai digiri 56.7 a 1913, ana shawartarsa ya tanadi ruwa lita huɗu, ya daina yawon ƙafa kafin ƙarfe goma na safe. Wani zai ce raunin tawakkali ne, tunda ajali ba ya jinkiri. To ai mutanen Yaman da ke zuwa hajji ba guzuri, da sunan dogaro ga Allah, umartarsu aka yi su yi guzuri, kuma Annabi (SAW) da kansa ya ɗauki ɗan jagora a hijira. Gaskiya ne jarka ba ta tare ajali, mota tana iya macewa a yankin Badwater na gandun, inda waya ba ta kamawa. Amma mai ruwa yana iya zama kusa da motarsa har ma'aikatan gandun su iso.