Harshen Mutum Shaida Ne, Amma Shaidar Me?



Akwai wata kalma da ke bakinmu kullum, ba mu taɓa tsayawa mun leƙa cikinta ba: gwaranci. Yaro ya fara koyon magana, mu ce yana gwaranci. Babba ya yi bayani ba a gane ba, mu ce ya daina yi mana gwaranci. To daga ina kalmar ta fito? Daga sunan mutane ne, Gwari, maƙwabtanmu da suke kiran kansu Gbagyi, waɗanda muke cin doyarsu muke zama rumfa ɗaya da su ranar kasuwa. Mun ɗauki sunan al'umma sukutum mun laƙaba wa maganar da ba ta fita. Kuma ba mu kaɗai muka yi haka ba. Larabawa suna ce wa wanda ba Balarabe ba ajami, asalin kalmar kuwa wanda bakinsa ba ya bayyana magana ne. Rubutun da kakanninmu suka yi wasiƙu da waƙoƙin wa'azi da shi, sunansa ke nan. Rashawa ma sunan da suke kiran Bajamushe da shi, tushensa bebe ne. Kowa dai da Bagwarensa.

Tambayar da nake so mu tauna ita ce: idan ka ji bakin mutum, me ya halatta ka yanke a kansa?

Ba na musun cewa harshe yana ba da labari. Duk wanda ya daɗe a kasuwar Kagarko ko ta Kubacha lokacin citta, ko da idonsa a rufe zai faɗa maka wanda ke taya kaya. Wanda ya ce "mi kake so" da "shina zuwa", ya kira fari hwari, ka san daga Sakkwato ko Zamfara ya taso. Bafulatanin ruga zai ce maka "jo nan", domin harshensa ba shi da z. Ɗan'uwanmu Koro ko Jaba zai ce kaya ya yi "sada", ya ce "matana ya zo", ba ruwansa da namiji da mace a nahawu, kuma ƙasa da kasa duk ɗaya ne a bakinsa. Mu kanmu nan, in muka je Kantin Kwari, kafin mu gama sallama Bakano ya riga ya ce "daga Zazzau kuke ko?" Wannan ilimi ne mai amfani. Da shi kake sanin yadda za ka gaisa da mutum, da irin wasan da zai ɗauka. Matsalar tana farawa ne daga inda kunne ya gama aikinsa zuciya ta karɓa, ta ce mai wannan bakin wawa ne, ko baƙo ne, ko abin tsoro ne.

Kafin mu yi wa wani dariya, mu saurari tamu Hausar. Akwai harafin Larabci da ake kira dadi, wanda Larabawa ke alfahari da shi har suna kiran harshensu da sunansa. Kakanninmu ba su iya fitar da shi ba, suka mai da shi l. Daga nan muka sami alwala da alƙali da farilla da lalura, da sunan Ramalan. Waɗannan kalmomi su ne ƙashin bayan maganar addini a bakinmu, kuma duka gwarancin Larabci ne da ya tsufa har ya zama Hausa. Haka muka yi wa Turanci: asibiti, likita, burodi, tebur. Yau ma ɗanka ya je Legas ya buɗe baki da Turanci, p ɗinsa ta zama f, sai ka ji an kwashe da dariya ana "aboki, aboki". Ya dawo gida yana huci. Washegari shi ne a bakin shago yana kwaikwayon Hausar matar da ta zo sayen magi.

A addini maganar ba ɓoyayya ba ce. A Suratur Rum, aya ta 22, Allah Maɗaukaki ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa, a jere da halittar sammai da ƙasa. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne ƙissar Annabi Musa, alaihis salam. Yana da ƙulli a harshensa, ya roƙi Allah ya warware masa. Da Fir'auna ya rasa hujja a gaban jama'arsa, me ya kama? A Suratuz Zukhruf an ba mu labarin yadda ya yi taƙama da mulkin Masar da ƙoramun da ke gudana a ƙarƙashinsa, sannan ya goranta wa Musa cewa ko magana ba ya iya bayyanawa sosai. Kun ga ke nan, yi wa abokin hamayya gorin baki tsohuwar siyasa ce, kuma mun san wanda ya riga kowa a cikinta.

Ga kuma abin da Bukhari ya ruwaito tsakanin Sayyidina Umar da Hishamu ɗan Hakim. Umar ya ji Hishamu yana karanta Suratul Furƙan ba yadda shi aka koya masa ba. Da ƙyar ya bari ya idar da salla, ya shaƙe shi da mayafinsa ya ja shi gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam. Aka sa kowannensu ya karanta, aka tabbatar wa kowa da nasa, aka sanar da su cewa an saukar da Alƙur'ani a kan haruffa bakwai. Mu da muka tashi da allo muna Warshu, 'ya'yanmu suka zo da Hafsu daga Islamiyya, da mun riƙe wannan hadisi da ba a yi ta cacar bakin da aka yi a masallatai ba. Af, labarin nan da ake yawo da shi cewa Bilal yana faɗin sin a wurin shin a kiran salla, malaman hadisi sun ce ba shi da asali. Masu wa'azi a bar shi. Hujjojin gaskiya sun ishe mu.

Wani zai ce, to Malam, sai a bar kowa ya karanta yadda ya ga dama? A'a. Tajwidi wajibi ne gwargwadon iko, kuma ko a Hausa ƙarya daban karya daban. Malamin da ya zaunar da yaro yana ta maimaita masa harafi har ya fita, alheri yake yi masa. Amma ku duba adalcin fiƙihu: a Mukhtasar na Shehu Khalil an halatta bin limamin da harshensa ke da nauyi wajen fitar da wasu haruffa. Aka gyara harafi inda zai gyaru, aka bar wa mutum mutuncinsa har ya shige gaban sahu.

Turawa da muke ganin sun waye, su ma ciwon yana jikinsu. A watan Oktoban 2018 wata 'yar jarida daga garin Tulus, a kudancin Faransa, ta yi wa ɗan siyasar nan Melanshon tambaya. Maimakon ya amsa, sai ya kwaikwayi lafazinta a gaban kyamara, ya juya yana neman wanda zai yi masa tambaya da Faransanci. Mutumin da ya gina sunansa a kan kare talaka ke nan fa. A 2020 Shugaba Makron ya naɗa Jan Kasteks firayim minista, shi ma ɗan kudu ne, sai wasu 'yan birnin Faris suka bar maganar aikinsa suka koma kan yadda yake jan kalmomi. A watan Nuwamban shekarar majalisar wakilansu ta amince da ƙudurin da zai hana nuna bambanci saboda lafazi, ƙuri'a 98 a kan 3. Wannan na cikin zaman lafiya ne. Da Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairun 2022, sai sunan wani burodi nasu, faliyanitsiya, ya zama jarrabawa a shingen hanya, domin bakin Barashe ba ya fitar da shi daidai. Alhali miliyoyin 'yan Yukren da Rashanci suka tashi, har da shugabansu Zelenski. A Jamus kuma tun 2017 hukumar baƙin haure tana sa kwamfuta ta saurari muryar mai neman mafaka ta yi hasashen ƙasar da ya fito. Na yi tunanin a ce mu za a yi wa haka. Wace kwamfuta ce za ta raba ɗan Jibiya da ɗan Maraɗi, mutanen da kasuwarsu ɗaya, aurensu ɗaya, Bature ne kawai ya ja layi a tsakani?

Jarrabawar burodin nan ba baƙuwarmu ba ce. Waɗanda suka ga rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da abin da ya biyo bayan zaɓen 2011 a Zonkwa da kewaye, sun san yadda ake tare mota a ce wa mutum ya yi magana. Wani sunansa ne ya kashe shi, wani rigarsa, wani kuwa kalma guda da ta fita ba yadda masu shingen suke so ba. Kuma kowane ɓangare ya kafa irin shingen nan a inda yake da rinjaye. Duk wanda ya ce nasa ba su yi ba, bai faɗi gaskiya ba. Mutum yakan canza riga, yakan ɓoye suna, amma harshen da ya sha da nono ba ya ɓoyuwa idan tsoro ya zo. Ana kashe shi a kan abin da bai zaɓa ba.

Yanzu ga wurin da maganar ta fi wuya, kuma ba zan kauce masa ba. Masu garkuwa da mutane sun addabi ƙauyukanmu da hanyar Abuja zuwa Kaduna. Waɗanda suka kuɓuta sukan dawo su ce Hausar mutanen ta Zamfara ce, ko Fulatanci suke yi a tsakaninsu. Sai mai gida ya ce: ni da aka sace wa ɗa na sayar da gona na fanso shi, za ka ce kar in yi hattara da mai irin wannan bakin? Ba zan ce masa haka ba. Hattara haƙƙinsa ce. Baƙon da ya sauka a unguwa, a kai shi wurin mai unguwa, a san wanda ya sauke shi da sana'arsa. Sai dai a yi wa kowane baƙo haka, har da mai Hausar Kano tas. Ai mai kai wa ɓarayi rahoto galibi ɗan gari ne, wanda ya san wa ya sayar da citta jiya, wa ɗansa ya aiko da kuɗi. Bakinsa irin namu ne sak, shi ya sa ba ya faɗawa tarkon kunne. Wanda ke faɗawa shi ne Bazamfaren da ya gudo daga waɗannan 'yan bindigar ya zo yana turin ruwa ko ƙodago a gonar wani, da Bafulatanar da aka kore wa mijinta shanu take yawo da ƙwaryar nono. An cuce su can, mu ƙara musu da zargi nan. Iyakar abin da harshe zai shaida shi ne inda uwar mutum ta goye shi. Inda ya kwana daren jiya kuwa, sai an nemo wata shaidar, kuma Suratul Hujurat ta riga ta umarce mu da bin diddigin labari, ta gargaɗe mu game da yawan zato, ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili.

Mu musamman, da muke zaune a kudancin Kaduna, bai kamata a tuna mana wannan ba. Yaro an haifi kakansa a nan, kabarin kakannin nasa yana bayan gari, amma ranar neman takardar shaidar ɗan ƙasa ko gurbin aiki sai wani ya ce ai Bahaushe baƙo ne. Muna jin zafin wannan, kuma muna da gaskiya. Hujjarmu ita ce asali ba ya soke haƙƙin wanda ya zauna ya yi gumi a wuri. To hujjar nan ba ta tsaya a ƙofar gidanmu ba. Idan ta yi mana aiki a sakatariya, dole ta yi wa Basakkwacen da ya shekara ashirin yana gyaran takalmi a unguwar nan aiki ranar da ake zaɓen shugabannin 'yan kasuwa, a daina cewa mai "shina" ba zai shugabance mu ba.

Inda abin ya fi ba ni tausayi shi ne masallaci. Muna da 'yan'uwa Koro da Gbagyi Musulmi, wasu gadon iyaye da kakanni, wasu da kansu suka shigo, har dangi suka juya musu baya. Irin wannan bawan Allah ya daure ya ɗaga hannu a majalisin karatu bayan Magariba, ya yi tambaya da Hausarsa, sai ka ji samari a baya suna ƙunshe dariya, wani ma ya maimaita kalmar a hankali don na kusa ya ji. Ba ya sake tambaya. Bayan mako biyu ba ya sake zama. Malamanmu na Islamiyya su sa ido a aji, domin a can yara suke fara wannan, kuma yaron da aka yi wa dariya sau biyu a kan ƙ da k yakan koma layin baya ya rufe bakinsa har a tashi. Mu kuma masu jan salla, idan muka ga irin wannan ɗan'uwa ya iya karatunsa, mu riƙa ba shi kiran salla, ranar da muka tafi kasuwar Kubacha mu bar masa Azahar da La'asar.